An ce in rubuta 80, ni kuwa 40 na ƙirga

Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 25 a nan Damagaram. Bara na gama digirin farko a fannin labarin ƙasa. Tun watan Janairu nake sitaj, wato koyon aiki, na wata shida a wata ƙungiya mai aikin farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Ba a biyana ko dala, kuma ba mu sa hannu a kowace takarda ba, wani abokin yayana ne ya shigar da ni da baki. Kuɗin kabu-kabu da na abinci Inna ke ba ni daga cinikin ƙuli-ƙulinta. A watan Afrilu aka tura ni wani fili mai hekta 20, wanda aka haƙa wa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata aka dasa itace a daminar bara, in ƙirgo waɗanda suka rayu. Na bi ramuka 600, na samu 245 da rai, wato wajen kashi 40 cikin 100. Da na kawo sakamakon, shugabana ya ce in gyara in rubuta kashi 80 cikin 100, wai haka ake yi, masu ba da kuɗi ba sa son jin ƙaramin lissafi. Ga Baba kuma ya ce wahalar banza nake, in dawo shagonsa a kasuwar Dole. Saura wata biyu in gama. Ina son aikin nan har raina, amma ina tsoron in ƙi a hana ni takardar shaida, in na yarda kuma zuciyata ba za ta kwanta ba. Ina mafita?

Wani matashi, Damagaram

Wa alaikumus salam, ɗana. Sannu da ƙoƙari, sannu da rana. Wanda ya bi ramuka 600 a ƙafa cikin zafin Afrilu, yana duƙawa yana dubawa, ya riga ya nuna irin ma'aikacin da zai zama. Rashin kwanciyar zuciyar da kake ji kuma kada ka ɗauke shi rauni, shi ne abin da ya fi daraja a duk wasiƙar taka. Amsata a kan maganar lissafi gajera ce: kada ka sa sunanka a ƙarƙashin adadin da ba ka ƙirga ba. Sai dai tsakanin yarda da ƙarya da tayar da rigima a ofis akwai hanya mai faɗi, kuma ita nake so mu bi.

Kafin ka kafe a kan 245 ɗinka, ka tabbata ƙidayar taka za ta iya tsayawa a gaban kowa. Rabin wata na dashen itace, mai faɗin mita 4, ana jera shi ne layi-layi a kaikaice da gangaren ƙasa, bakinsa yana kallon inda ruwa ke gangarowa, kuma hekta ɗaya kan ɗauki wajen 313. Ke nan filin naku yana da ramuka kusan 6,260, kai kuwa ka duba kusan ɗaya cikin goma. Yawan ya isa. Tambayar ita ce daga ina ka ɗauko su. Idan ka tsaya a gefen da ke kusa da hanya, inda babur ke iya isa kuma inda awaki ke fara shiga, to ka ƙirga mafi munin wurin. Idan a ƙasan gangare ka tsaya, inda danshi ke daɗewa, ka ƙirga mafi kyawunsa. Abin da ake yi shi ne a fara daga saman fili, a ɗauki layi ɗaya cikin kowane goma, a bi shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba tare da tsallake rami ba, har a sauko ƙasa.

Sannan a watan Afrilu ido yana ruɗin mutum. Dakwara tana zubar da ganyenta da rani, ta tsaya kamar tsinke, alhali tana da rai. Ka sa farce ka kankare ɓawon kusa da gindi: in ka ga kore da ɗan danshi, tana nan, in ka ga launin ƙasa kuma reshen ya karye ƙwas, ta tafi. Haka wadda akuya ta cinye har ƙasa, sau da yawa tana tohowa da ruwan farko muddin saiwar ta kama. Don haka takardar ƙidayarka ta kasu huɗu: mai rai, wanda dabba ta ci amma gindin na nan, busasshe, da ramin da babu komai a ciki. Ka rubuta irin itacen a kowane rami, domin wataƙila ka tarar aduwa da magarya sun jure, wani irin ne ya mutu ɗungurum. Ramin da ba komai kuwa ka rubuta shi yadda ka gan shi, kada ka ce ba a dasa ba, tun da ba ka nan ranar dashe. Ka ɗauki hoton farkon kowane layi da wayarka, ka kunna alamar wuri don hoton ya riƙe rana da inda aka ɗauke shi. Kuma kada ka koma kai kaɗai. Ka nemi mai gadin filin ko wani daga kwamitin ƙauyen ya bi ka, ya ƙirga da bakinsa kana rubutawa. Ƙidayar mutum biyu tana da wuyar musu.

Yana yiwuwa bayan wannan adadinka ya hau zuwa kashi 50, yana yiwuwa ya sauka, domin watan Mayu bai gama cin nasa rabon ba. Ko nawa ne, shi za ka rubuta.

Yanzu shugaban naka. Ban ce ka kyautata masa zato har ka makance ba, amma ka tambaye shi daga ina 80 ɗin ta fito. A aikin dashe ana ƙidaya sau biyu. Ta farko a ƙarshen damina, wajen Oktoba, lokacin da ƙasa ke da sauran laima kuma dabbobi suna da ciyawa a wani wuri; a nan samun kashi 80 ba abin mamaki ba ne. Ta biyu bayan itacen ya sha ranin farko, kuma ita ce ke faɗin gaskiyar fili. Idan 80 ɗinsa ta Oktoba ce, to babu mai ƙarya a cikinku, kwanan wata ne ya ɓace daga maganar. Sai a rubuta duka biyu, kowanne da ranarsa. Idan kuwa daga kansa ya ciro ta, ka sani tsoro ne ke magana: kwangilarsa ta shekara ce ko biyu, a samansa akwai mai matsa masa, ya kuma saba ganin ƙaramin adadi yana jawo tambayoyi. Mutum mai tsoro, in ka kawo masa matsala tsirara zai tura ta ƙarƙashin tabarma. In ka kawo ta da maganinta a hannu, sau da yawa yakan karɓa.

Maganin shi ne rahoto na shafi biyu ko uku da ke faɗin me ya kashe itatuwan da yadda za a cike gurbi. Ka tono busassu kamar ashirin daga wurare dabam-dabam ka dubi saiwar. In ka tarar ta nannaɗe kamar gammo, ɗan itacen ya daɗe a leda fiye da kima kafin a dasa. In ka tarar da ledar kanta a cikin rami, ba a yanke ta ba ranar dashe, kuma wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato idan ana biyan masu dashe bisa yawan abin da suka dasa. In saiwar ta ruɓe ta zama rami-rami da ƙasa a cikinta, gara ce. Ka tambayi mutanen gari ranar da aka yi dashen. Daminarmu gajera ce, ruwan Damagaram bai cika wuce milimita 400 da ɗoriya a shekara ba, kuma abin da aka dasa bayan tsakiyar Agusta ba ya samun makonnin da saiwa ke bukata kafin ruwa ya ɗauke. Ka tambayi yadda aka kawo ƴaƴan itacen, domin tafiyar awa biyu a buɗaɗɗiyar mota ba rufi tana ƙona ganye tun kafin a sauke. Ka dubi kafaɗar rabin watan, ko ta fashe ruwa ya wuce. Ka kuma tambayi maganar da ta fi duka: wa ke gadin filin, tun yaushe aka daina biyansa, kuma an zauna da makiyaya kafin a killace wurin? Fili in yana kan burtali ko tsohuwar makiyaya, ba tare da yarjejeniya a gaban mai gari da hukumar filaye ta ƙauye ba, ko sau biyar aka dasa awaki da raƙuma za su shiga, kuma ba laifinsu ba ne. Dashe yana bukatar tsaro na shekara biyu zuwa uku kafin ya fi ƙarfin bakin akuya.

Daga nan sai lissafin cike gurbi. In ƙidayarka ta tabbata, ana neman ƴaƴan itace wajen 3,700, ka ƙara ɗaya cikin goma saboda asarar hanya, ka ce 4,000. Irin su dakwara suna son kamar wata uku a leda, don haka wanda zai dasa a ƙarshen Yuli yanzu ne lokacin shukarsa, ko a je a yi alkawari da masu renon itace na ƙauyukan kusa tun kafin bikin dashen itace na 3 ga Agusta ya kwashe abin da ke hannunsu. Ka ba da shawarar a watsa irin ciyawa a kan kafaɗun, kamar gamba da ƙarangiya da gadagi, don su riƙe ƙasa su kuma ba mutanen gari abin yanka tun shekarar farko. Mutum ya fi tsare filin da yake samun harawa a cikinsa.

Ka kai masa wannan ku biyu, a keɓe, ba a gaban ma'aikata ba. Kana iya cewa: "Shef, na sake komawa na ƙirga da mai gadi, ga abin da muka samu, ga kuma abin da ya kashe su. Ina ganin in muka faɗa da kanmu tare da shirin gyara, ya fi a zo dubawa a gano." Wannan ƙarshen gaskiya ce tsantsa. Irin waɗannan filaye ma'aikatan gandun daji suna zuwa dubawa, masu ba da kuɗi ma suna turo nasu mutanen, kuma busasshen itace ba ya ɓuya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da aka tono shi, sunan da ke ƙarƙashin takardar ƙidaya za a fara kira, ba na mai ofis ba. In duk da haka ya nace, ka ce cikin ladabi rahoton nasa ne, yana da ikon rubuta abin da ya ga dama, amma kana roƙon kada a sa sunanka a matsayin wanda ya ƙirga. Ka miƙa takardunka ta hanyar da za ta bar shaida, kamar imel, ka ajiye kwafi a gida. Kada ka kai maganar Facebook ko zauren WhatsApp na abokan karatu. Garin nan ƙarami ne a wannan fanni, kowa ya san kowa, kuma fallasa za ta rufe maka ƙofofi ba tare da ta rayar da itace ko ɗaya ba. In har ya zama dole a ɗaga maganar, akwai na sama da shi a cikin ƙungiyar, nan za ta fara zuwa.

Akwai waɗanda ba ka ambata ba, su ne mutanen da suka haƙa ramukan nan da diga da shebur a kan fako. In aka rubuta 80, an rufe littafin filinsu ke nan, ba mai sake ware kuɗin gadi ko cike gurbi. In aka rubuta gaskiya, akwai dalilin dawowa.

Tsoronka na takardar shaida yana da tushe, kuma tushen shi ne ka shiga da baki. Wannan a gyara shi cikin makon nan, tun kafin maganar ƙidaya ta yi zafi. Ka je wurin mai kula da ma'aikata ko mai gudanar da ofis, ka ce kana haɗa takardun neman aiki, kana bukatar takardar da ke nuna an karɓe ka sitaj. Ta ɗauki ranar farawa da ta gamawa, sunan mai kula da kai, da ayyukan da aka ba ka, da sa hannu da hatimi. Abokin yayanka da ya shigar da kai yana iya sa baki a nan, tun da shi ya ɗauko nauyin. A wannan zaman kuma ka yi tambaya biyu da ya kamata a yi tun Janairu: ranakun da ake tura ka daji, akwai kuɗin hanya da na abinci kamar yadda ake ba sauran ma'aikata? In kuma ka faɗi da babur a hanya, wa zai biya asibiti? Ƙungiyoyi da yawa da ba sa biyan ɗan sitaj albashi suna da kason fita aiki a kasafinsu, mai jin kunyar tambaya ne ke rasawa. Takardar ƙarshe kuwa ka rubuta daftarinta da kanka ka kai musu, domin wadda ta ce kawai "ya yi sitaj na wata shida" ba ta da nauyi kamar wadda ta ce ka ƙirga dashe a hekta 20, ka yi aiki da kwamitin ƙauye, ka rubuta rahoto.

Wata biyun da suka rage kada su tafi a aike da jiran mota. Ka koyi ɗaukar iyakar fili da waya ka fitar da taswira a manhajar QGIS, wadda kyauta ce. Ka koyi tsara tambayoyi a KoboCollect, manhajar tattara bayanai ta waya. Ka bi masu renon itace ka ga yadda ake haɗa yashi da ruɓaɓɓen taki, da yadda ake zuba wa irin gawo da bagaruwa tafasasshen ruwa a bar shi ya kwana kafin shuka, alhali dakwara jiƙo kawai take so. Ka riƙa rubuta abin da ka yi kowace rana a ɗan littafi, shi zai zame maka abin faɗi ranar da aka kira ka ganawar neman aiki.

Sai Baba. Kada ka ɗauka bai fahimci komai ba. Ɗan kasuwa ne, ya ga jari yana fita wata huɗu ba a ga riba ba, kuma jarin daga kaskon Inna yake fitowa. Ina zaton wannan ya fi ci masa rai fiye da aikin kansa, ko da bai faɗa ba. Lacca a kan canjin yanayi ba za ta motsa shi ba. Ka je masa da rana da kuma tayi: ƙarshen Yuni zan gama, kafin nan Asabar da Lahadi ina shago, zan riƙe maka littafin bashi da na kaya, abin da ka ba ni shi zai zama kuɗin hanyata don a sauke wa Inna. In kana jin nauyin faɗa masa ido da ido, ka bi ta wurin baffanka ko wani aminin da yake jin maganarsa. Kada kuma ka yi masa alkawarin aiki yana jiranka, domin yawancin sitaj ba ya ƙarewa da ɗauka, kuma alkawarin da bai cika ba zai ƙara masa hujja.

In ya tambaye ka amfanin aikin, ka tuna masa abin da ya gani da idonsa a hanyar Magarya da Matamaye da Mirriya: gonaki cike da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani kuma ya ba dabbobi ƴaƴa da inuwa. Yawancin itatuwan nan ba dasa su aka yi ba. Manoma ne suka riƙa barin tohon da ke fitowa daga kututture, su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi su sassabe sauran, abin da ake kira sassaben zamani. Tun daga shekarun 1980 an kiyasta wannan hanya ta farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a ƙasar nan, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, har gwamnati ta fitar da doka a kanta a 2020. Kai ma ka riƙe wannan a ranka: itacen da ya riga ya kafa saiwa ya fi ɗan leda jure rani, kuma a rahotonka kana iya ba da shawarar a ƙirga tohon sabara da kalgo da ke fitowa da kansu a filin, a kare su tare da dashen.

Bayan Yuni, hanya ba ɗaya ba ce. Ofishin muhalli na jiha da na gundumomi suna karɓar ƴan sitaj, kuma a can za ka ga yadda ake duba filayen ƙungiyoyi dabam-dabam. Ka yi rajista a ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ka kuma bincika shigar hidimar ƙasa. In zuciyarka ta fi karkata ga karatu, ƙidayar nan da ka yi da dalilan mutuwar dashe sun isa su zama tushen binciken digiri na biyu, a Jami'ar André Salifou ko wani wuri, in ka nemi izinin amfani da bayanan a rubuce. Aikin kafe tudun yashi a wajen Gure, inda ake kitsa shinge da kalimbo da rassan goriba don kare kwarurruka, da aikin kula da namun daji a gandun Termit da Tin Tumma da aka kafa a 2012, duka suna neman mai iya ƙidaya da taswira, mai kuma jure daji. Akwai ma hanyar da za ta haɗa ka da Baba: renon itace na sayarwa, a fara da leda 1,000 na zogale, mangwaro da lemun tsami haɗe da ƴan dakwara. Sai dai ka san halin ruwan garin nan. Kada ka fara sai ka samu wuri kusa da rijiyar lambu, domin ban ruwa safe da yamma da ruwan saye zai cinye ribar tun kafin damina.

In shugaban ya hana ka takarda don ka ƙi sauya adadi, takardar karɓar da ka samo tun farko, da imel ɗinka, da hotunanka, da littafinka na kullum sun isa ka kai wa shugaban ƙungiyar ka nemi haƙƙinka. Shi ya sa na ce ka fara da ita. Litinin ka nemi takarda, cikin makon ka koma fili da mai gadi da ruwan sha isasshe, ku fara tun da asuba ku tashi kafin rana ta take. Allah ya yi maka jagora, ya saka wa Inna da alheri. In ka ƙirga, ka rubuto mana adadin da abin da ka tarar a saiwoyin.